Kada ko Kifi a Hancin Jirgi

Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, 'yan kwanaki da wucewar Babbar Sallah, a shekarar da jirgin ƙasan metro ya fara aiki a Dubai. Ina aji huɗu na firamare. Muna zaune a barandar fulat ɗinmu na Al Qusais, a matse tsakanin igiyar shanya da tulin kwalayen Abba, muna tsakurar ragowar soyayyen naman layya, sai yayana Sadiq ya fito da ɗan ƙaramin jirgin roba da ya cinye hutun Sallah yana haɗawa da gam, ya ɗora shi a tafin hannun Kaka. Kaka shi ne mahaifin Abba. Bai daɗe da isowa daga Kano ba, kuma yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya bi jirgin da yatsu a hankali, daga farfela zuwa fiffike, daga fiffike zuwa wutsiya, ya dawo ya tsaya a kan wani ɗan kumburi da ke ƙarƙashin hancin, sai ya gyara zama. Ya ce wannan ai ya san shi, irinsa sun sha sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila. Sadiq ya ji daɗi, ya shiga zayyana masa fentin da ke jiki: sama ruwan ƙasa da launin rairayi, ciki shuɗi mai haske, sannan a hanci ga wani wawakeken jan baki da fararen haƙora, da ɗan ido a samansa. Kaka ya bugi cinya ya ce, "Bakin kada!" Ni kuwa, bakina cike da nama, na ce, "Kifi ne, Kaka." Ya juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce wa ya tambayi Amarya.

Amarya ni ce. Tun ina zanen goyo yake kirana haka, irin wasan nan na kaka da jika, yana cewa goro ɗaya ya biya sadakina kuma har da haka an cuce shi. Wannan matsayi ya ba ni abin da babu mai shi a gidan, wato damar mayar masa da magana. Abba ɗan fari ne, don haka Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. In yana son abu sai ya fuskanci bango ko ni ya ce, "A gaya wa mai gidan nan," alhali mai gidan na durƙushe a gabansa. Abba mutum ne da zai tsaya a Al Sabkha ya yi ciniki da Larabci da Turanci da ɗan Urdu har ya ƙure wanda ya girme shi a kasuwa, amma a gaban mahaifinsa kalma biyu ya mallaka, "to" da "na'am". Umma kuwa suruka ce, daga bayan labule take gaishe shi. Sadiq ma jika ne, sai dai shi lafiyayyen yaro ne da ba ya son hayaniya, ya fi jin daɗin zama da gam ɗinsa. Saboda haka duk wata gardama da ta kamata a yi da Kaka a gidan nan, a kaina ta faɗa, ni kuma ban taɓa jin nauyinta ba.

Akwai kuwa gardamar da ta kamata a yi. Abba ya ɗauko Kaka ne don a yi masa aikin ido, kuma likita ya duba ya ce ƙaramin aiki ne, ido lafiyarsa ƙalau a bayan yanar. Kaka na jin an ambaci tiyata ya miƙe ya nemi takalmansa. Yana da wani amini a Fagge da wani mai cire yana, irin masu yawo gari-gari, ya taɓa wa ido da ƙarfe, daga ranar bai ƙara ganin ko hasken rana ba. Kaka ya ce shi ɗan hasken da ya rage masa da shi yake gane gari ya waye, ba zai sa shi a caca ba, a mayar da shi gida ya ƙarasa cikin rufin asiri. Bizarsa ta baƙunta ce, tana ta ƙaratowa ƙarshe. In ta ƙare bai yarda ba, haka zai koma Kano a duhu, mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana zana bodin manyan motoci, wanda direbobi ke bin layi da gingimarinsu don buroshinsa. Na sha ganin Abba ya ja faranti ya yi loma biyu ya ture, ya koma baranda yana kallon titi. Yaro na gane irin wannan ko ba a gaya masa ba.

Fulat ɗin ɗaki uku ne, mu muna da biyu, na ukun na Kawu Fuseini ne, wani ɗan Zangon Ghana daga wajen Takoradi, mai gadi a wani babban kanti. Kicin ɗaya muke, firji ɗaya, kowa da nasa hawan. Aikina kullum shi ne shanya da kwashewa kafin rana ta mayar da kaya kamar busasshen ganye, da jawo robar ruwa daga bakin lifta, da sauka baƙala, wato ɗan kantin unguwa, sayen burodi da nono. Daka kuwa haramun ne, domin ranar da Umma ta gwada ɗan turminta, maƙwabcin da ke ƙasanmu ya hau da sandar goge-goge yana rantsuwa rufi zai faɗo masa. Da Kaka ya zo aka ƙara min aiki, na zama 'yar jagora. Ni nake kai shi ƙofar masallacin unguwa in jira a kan dakali, ni nake zagayawa da shi doguwar barandar bene bayan la'asar don ƙafa ta saki. Lifta bai taɓa yarda da ita ba, ya ce ɗakin da ke tafiya da kansa ba na mutanen kirki ba ne, sai dai mu bi matakala yana dafe da kafaɗata yana mitar Amarya ba ta da tsoka. Unguwarmu kusa da filin jirgi take, jirage na wucewa kan ruwan kai dare da rana, mu mun daina ji, shi kuwa kowanne sai ya tsaya ya karkata kunne. Ya ce duk muryarsu ɗaya, kamar masu shara. Na da su ne masu murya.

A irin wannan zagaye ne ya ba ni labarin nasa jiragen. Yana yaro yakan je yankan ciyawa wa awakin gidansu a gefen filin jirgin Kano, a daidai lokacin da Turawa ke yaƙinsu na biyu. Ya ce jiragen a cikin akwatuna ake kawo su ta teku zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, a haɗa su a can, sannan su taso ta Ikko su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri da Fallomi da ƙasar Sudan har Masar, inda ake gwabzawa a hamada. Garke-garke suke zuwa, babba mai inji biyu a gaba shi ya san hanya, ƙananan na biye da shi kamar kaza da 'ya'yanta. Abin da ya fara ɗaukar idonsa shi ne farin fentin da aka shafa musu a gadon baya da wutsiya, aikin gaggawa, har ana ganin sawun buroshi. Ya tambaya aka ce masa don in ɗaya ya faɗi a daji a iya hango shi daga sama ne. Ban da wannan farin da wani zagaye mai ja da fari da shuɗi, tambarin Ingila, ba su da manyan haruffa a jiki, domin ba su kai ga rundunarsu ba tukuna. Kaka marayu yake ce musu. Ya ce matuƙan ma yara ne, hancinsu duk ya saɓule da rana, kuma ya daɗe da girma kafin ya fahimci cewa da yawansu ba su koma gida ba. Da Kawu Fuseini ya ji wannan labari ya yi tsalle ya ce kakansa na cikin masu fasa akwatunan a Takoradi, daga ranar suka zama abokan shayi.

Bakin kuwa a hoto ya gan shi. Wani Bature makanike da ya taɓa aiki a hamadar Masar, wanda yakan ba yara kwalin taba da babu komai a ciki, shi ya ciro ɗan hoto baƙi da fari daga aljihu ya nuna musu ta cikin wayar shinge. Jirgi ne irin waɗanda suke gani kullum, amma wannan ya isa gida, ya samu haruffansa, kuma hancinsa ya wage baki da haƙora. Baturen ya yi wata magana da ba wanda ya gane, ya haɗa hannuwa yana kwatanta cizo. Yaron Kano da bai taɓa ganin teku ba, me zai kawo a ransa in ya ga dogon baki da jerin haƙora? Kada mana. Kaka ya koma gida ya zana shi da gawayi a bangon zaure, ya sha duka, washegari ya sake zanawa. Daga nan hannunsa ya buɗe. Da ya girma ya zama mai fentin motoci, wannan baki ya zama alamarsa. Tunda hoton ba launi, shi ya zaɓa masa: kore mai duhu, da ɓawon baya, da rawayan ido. Ya ce akwai lokacin da in ka tsaya a hanyar Zariya da wuya ka wuni ba ka ga kadansa ya wuce da lodin gyaɗa ko shanu ba, kuma duk direban da ya tambaya sai ya gaya masa daga jirgin yaƙin Ingila ya samo shi.

Sadiq ne ya kawo ɗaya ɓangaren labarin daga laburaren makarantarmu. Ya ce wata rundunar jiragen yaƙi ce ta Ingila da ke hamada ta yi suna da wannan baki. Matuƙanta daga ƙasashe daban-daban suke, suna kwana a tanti, suna tashi daga wannan fili zuwa wancan, yau a kore su gobe su kora, har yaƙin ya tsallaka da su Italiya. Kowane jirgi na ɗauke da haruffa biyu na runduna a gefe ɗaya na zagayen, da harafi guda nasa na kansa a ɗaya gefen, don a sama kowa ya gane ɗan'uwansa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne su ma ba su suka ƙirƙiro bakin ba, an ce a jikin jiragen Jamusawa suka gani suka kwaikwaya, sannan wasu Amurkawa da ke yaƙi a China suka ga nasu a hoto suka kwaikwaya. Kowa ɗan kwafi ne ke nan, har Kakana. Tsarin haruffan bai ba mu wuya ba, domin haka Abba ke yi wa kayan kago, wato kayan 'yan kasuwa da yake aikawa Kano, a sitonsa: alamar ofis da maka baƙa, sannan alamar mai kaya, don kada kwalin Hajiyar Kwari ya tafi wurin Alhajin Wambai. Kafin sati ya zagayo mun kafa tamu rundunar a filin rairayin da ke bayan bene, inda ake ajiye motoci. Kwalayen sito muka yanka muka liƙe da salatif, kowa ya shiga nasa ya rataya da igiya a kafaɗa. Mu biyu ne, da 'yan Kerala biyu, da wata 'yar Sudan, da wani ɗan Peshawar da ya ƙi zama komai sai babban jirgi mai nuna hanya. Haƙoran da muka zana da maka sun fi kama da matsefi.

Duk wannan bai kashe gardamar ba, hura ta ya yi. Sadiq ya karanto wa Kaka cewa kifin shak ne, Kaka ya ce wanda ya rubuta littafin yana wurin? Ya ce shi ya san kifi, ya ci tarwaɗa, ya ci karfasa, ya ci ragon ruwa, ya ga giwan ruwa da sai mutum biyu suka ɗauka, ya san tsage ma na da 'yan haƙora, amma babu sojan da ke da hankali da zai tafi yaƙi da hoton abin miya a hancinsa. Ni kuma na ce na ga shak da idona a kasuwar kifi, ya fi Abba tsawo. Ya ce Amarya ta fara ƙarya tun ba ta tare ba. Muka yi ta yi, a matakala, a kan tabarma, a hanyar masallaci. Kawu Fuseini ya shigo ya ce, "Baaba, wallahi kifi ne, mu a bakin teku muna cin shi da kenke," Kaka ya ce shaidar wanda Amarya ke kai wa shayi ba ta karɓuwa. Da farko Umma takan kira ni kicin ta ja min kunne, ta ce wasa da kaka ma yana da iyaka. Sai wata rana ta lura cewa tsohon da ya iso yana kwana yana tashi da zancen likkafani, yanzu da asuba yake lalubo ƙofarmu da sabuwar hujja. Rannan ta kira ni kicin kamar kullum, na shiga na riga na kare kunnena da hannu, sai ta miƙo min tsokar kaza ta ce a hankali, "Kar ki sakar masa."

Ita ce kuma ta kawo shawarar a kai shi ya taɓa da hannunsa. Wata Asabar da la'asar muka shiga motar Abba, da Sadiq da Kawu Fuseini, muka nufi tsohuwar kasuwar kifi ta Deira. Tun daga wurin ajiye motoci ƙarni ke tarbar mutum. Ƙasa jiƙe, masu baro na ihu a ba su hanya, masu sayarwa na kiran kowa habibi, tsuntsayen teku na shawagi. Can gefe, a kan siminti, aka jera kifayen shak reras, manya da ƙanana, masu launin toka. Kawu Fuseini ya yi wa mai kayan bayani, mutumin ya yi dariya ya ce, "Yalla, ya Hajji," ya sa ƙugiya ya wage bakin wani ƙato. Na kama hannun Kaka na ɗora a gadon bayan. Ya shafa ya ce fatar kamar takardar goge katako. Ya bi har wutsiya yana neman ƙafafu bai samu ba. Ya dawo kai, ya tarar bakin a ƙasa yake, a ƙarƙashin hanci, daidai inda kumburin nan yake a jirgin roba. Ya sa yatsa ya bi haƙoran, layi bayan layi. Na ce, "Ka yarda?" Ya goge hannu da hankici ya ce, "Na yarda Allah Ya halicci kifi mai haƙora. Amma ko shi ne a jikin jirgin, wannan aikin ido ne, kuma idona ne ya ga hoton, ba naki ba." Ni kuwa, da bakin nan nawa, na ce, "To, Kaka, a ina za ka samo idon?"

Sai na ji kamar an kashe kasuwar. Sadiq ya take min ƙafa, Kawu Fuseini ya shiga duban rufi, Abba ya dube ni irin duban da ke nufin mu haɗu a gida. Kaka ya mayar da hankicinsa aljihu. Ya dafa kafaɗata muka koma mota, hannunsa ya fi kullum nauyi. Muna cikin cunkoso wajen Al Khabaisi, ni ina ta lissafin irin dukan da ke jirana, sai Kaka ya fuskanci gilashin taga ya ce, "A gaya wa mai gidan nan ya gaya wa likitansa. Ido ɗaya. Na hagu, shi ya fi mutuwa. In ya buɗe, akwai yarinyar da zan kunyata. In bai buɗe ba, dama ba aikin da yake yi min." Abba ya ce, "To." Daga nan ya wuce kwanar gidanmu bai sani ba, sai da muka yi zagaye mai nisa, yana tuƙi yana share fuska da hannun riga yana cewa ƙarnin kifin ne ya shigar masa ido. Ba a dake ni ba.

Ranar aikin an tura ni makaranta, amma jikina kawai ya je. A bas ban yi faɗan kujerar taga ba, a aji malama ta kira sunana har ta gaji. Tsoro ne ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba. Na tuna aminin nan na Fagge, na ga cewa in Kaka ya rasa ɗan hasken da yake gane wayewar gari da shi, bakina ne ya jawo. Na yi wa Allah alkawarin in ido ya buɗe zan yarda kada ne har abada. Da na dawo na tarar da shi kwance da bandeji a rabin fuska, yana mitar cewa an yaudare shi, bai ma ji komai ba, ashe abin da ake ta yi wa kwarjini ke nan. Washegari na ƙi zuwa makaranta, na yi ta kuka har Abba ya ce in shiga mota. A ɗakin likita aka ɓare bandejin a hankali. Kaka ya ƙifta, hawaye na zuba, ya kare da hannu, ya sake buɗewa. Ya dubi tafin hannunsa gaba da baya. Sannan ya ɗago ya sauke idon a kaina, ya ƙare min kallo tun daga ɗankwali har takalmi, ya ce, "Ashe haka kika koma? A dawo min da gorona." Na fashe da dariya da kuka a haɗe. Daga nan ya juya ya ga Abba, wanda ya yi shekaru bai ga fuskarsa ba. Ya daɗe yana kallonsa, abin da ko da yana da ido bai saba yi ba, sannan ya mayar da fuska bango ya ce, "Wa ya ba mai gidan nan izinin yin furfura?"

Alkawarin da na yi wa Allah kuwa, Kaka da kansa ya warware min shi, ya ce ba ya son nasarar sadaka. Da likita ya ba shi izinin fita muka koma kasuwar, yana sanye da baƙin tabarau kamar ɗan sanda a fim, jirgin Sadiq a aljihun babbar riga, kuma a karo na farko yana tafe a gabana. Komai sai ya tsaya ya kalla, kwale-kwalen katako, jan kifi, shuɗin baro, har ya yi wa wani rubutun kanti gyara ya ce mai buroshin ragon hannu ne. Da muka isa wurin simintin ya tsuguna, ya ciro jirgin ya riƙe shi kusa da kan kifin, ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya karkata kai. Ya matsa gefe ya sake dubawa. Sannan ya ce, "Kifi ne." Na daɗe ina jiran kalmar nan, amma da ta fito ban ji daɗinta ba, domin na ga kafaɗunsa sun sauka, na ji kamar na ƙwace wa tsoho abin da ya rayu da shi. Ashe dariya ce ke taso masa. Ya yi ta yi har tabarau ya zame, yana cewa shi ke nan, ya cika hanyoyin Arewa da kadan da bai taɓa zuwa yaƙi ba, kuma ko direba ɗaya bai dawo ya yi ƙorafi ba. Mai kifin bai ji ko kalma ba amma ya taya shi.

A hanyar gida ya sa aka tsaya aka sayo masa buroshi da ƙananan gwangwanayen fenti. Ya ce tunda ya ga gaskiya, zai zana ta ko sau ɗaya kafin ya mutu. Na kawo jirgina na kwali baranda, ya shafe matsefin da na zana da fari, ya jingina jirgin Sadiq a gabansa don kada ya kauce, duk rundunarmu ta taru a bakin ƙofa. Ya tsoma buroshi a fenti. Ya ja layin baki da jan buroshi guda, ya jera haƙora, ya ɗiga ido. Yana aiki yana ɗan waƙe-waƙensa na gareji, bai ɗago ba sai da ya gama, ya ja da baya don ya duba. Muka matso muna leƙe. Hancin ya yi tsawo, idon ya hau can sama a kan ɗan tudu, haƙoran ƙasa sun leƙo waje, kuma ba wanda ya lura da lokacin da ya buɗe gwangwanin kore. 'Yar Sudan ce ta fara magana, ta ce wannan ai kada ne, irin na Kogin Nilu. Kaka ya dubi zanen, ya dubi hannunsa, ya ce, "To, Amarya, ido ya yarda da ke. Hannu kuma sai ki je ki yi gardama da shi." Abba ya sabunta masa biza, aka yi ido na dama, wannan karon shi ya riƙa tambayar yaushe ne ranar. Ya koma Kano da ƙafarsa da idonsa, ya ƙara shekaru masu albarka yana karanta Alƙur'aninsa da kansa, yana kuma zuwa gareji yana kushe aikin yara.

Yanzu ina aiki a wani ofishin kago a Al Khabaisi, kusa da inda cunkoson nan ya riƙe mu. Tsohuwar kasuwar kifin ta tashi, sabuwar tana da tayil da sanyin na'ura, mutum zai shiga da farar riga ya fito da ita fara. Filin rairayin bayan benenmu ya zama bene shi ma. Rundunarmu ta watse kamar yadda komai ke watsewa a garin nan in bizar uba ta ƙare, wasu Kerala, wasu Khartum, Kawu Fuseini ya koma bakin tekunsa, Sadiq na can yana gyaran injin jirage na gaske. A ofis in musu ya tashi kan wani abu, kafin a kai ga jin daɗinsa wani ya ciro waya ya duba amsa ya kashe shi, kowa ya koma kan kujerarsa. Nakan rasa wanda zai riƙe kuskurensa da hannu biyu, da fara'a, har ya kwanta a gadon tiyata dominsa. Kaka ya rasu ina jami'a, kuma ina kewarsa fiye da yadda nake iya faɗa a gida. Bakin nan nawa yana nan yadda yake, abokin gardamar ne babu.